Kaki da Babbar Riga: Jakadanci da Yaƙi da Ƙwaya a Bakin Iyakar Gobir

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci sunan Birgediya Janar Muhammad Buba Marwa mai ritaya, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne soja. Wasu su tuna da mulkinsa na Jihar Barno, wasu su tuna da Ikko da keken nan mai ƙafa uku da ake kira da sunansa a can, wasu kuwa su tuna da buhunan wiwi da katan-katan na ƙwaya waɗanda Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, watau NDLEA, takan baje wa 'yan jarida tun da aka ba shi shugabancinta a watan Janairu na 2021. Ba kasafai ake tunawa da cewa bayan ya tuɓe kaki ya sa babbar riga, ya wakilci Nijeriya a ƙasar waje a matsayin jakada ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wannan ɓangare na aikinsa, sa'an nan a auna shi da ma'aunin wani yanki mai nisa da Abuja, watau ƙasar Sabon Birni da Isa, a bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Ra'ayin da zan kare shi ne, mafi yawan ƙwayar da ke cin matasan Gobir baƙuwa ce, ta ratso ƙasashe kafin ta iso, saboda haka kama ta a kasuwar ƙauye shi ne aikin ƙarshe, na farko kuwa aikin jakada ne. Zan kuma nuna cewa jakadancin da Nijeriya ta saba yi a kan ƙwaya ya fi fuskantar ƙasashe masu nisa da masu ƙarfi, ya bar maƙwabciyar da muke raba gulbi da kasuwa da dangi da ita.

Wane ne Jakada a Wurin Bahaushe?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tsaya a kan ita kanta kalmar, gama ta girmi ofisoshin jakadancin zamani. A tsohon tsarin sarauta na ƙasar Hausa, hakimai da yawa a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa suna can nesa. Wanda ke kai da komowa tsakanin hakimi da waɗannan garuruwa shi ne jakada. Shi ke kai umarni, shi ke tattaro haraji, shi kuma ke komowa da labarin halin da talakawa suke ciki. Haka nan jakadiya take tsakanin sarki da cikin gida. Gaskiya ne jakadu da yawa sun yi ƙaurin suna wajen zalunci da cin rabonsu a hanya, har Turawan mulkin mallaka suka kafa hujja da wannan suka tura hakimai su zauna a gundumominsu a farkon ƙarni na 20. Amma asalin aikin yana nan a fili, ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta kai saƙo, ɗaya ta komo da amsa.

Daular Sakkwato ma ta san darajar wannan aiki. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ya riƙe wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wasiƙu da hulɗa da sarakunan gabas, shi ne kuma ya sauki Baturen nan Kilafatan lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Ashe ke nan jakadanci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Da wannan ma'ana mai ƙafa biyu nake so mai karatu ya bi ni, domin da ita za mu yi awo a gaba.

Taƙaitaccen Tarihin Aikinsa

An haifi Marwa a Kaduna a 1953, asalin gidansu kuwa Michika ne a Jihar Adamawa ta yanzu. Ya yi Makarantar Soja ta Zariya da Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna, ya kuma yi karatu mai zurfi a jami'o'in Pittsburgh da Harvard a Amurka. Ya yi gwamnan soja na Jihar Barno daga 1990 zuwa farkon 1992. Ya riƙe muƙamin mai ba da shawara kan harkokin tsaro a ofishin Nijeriya na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, kafin a ba shi mulkin Jihar Legas daga 1996 zuwa 1999, shekarar da ya bar aikin soja.

A ƙarshen 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, tare da kula da ƙasashen Lesotho da Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini. Bai daɗe da naɗin ba rikicin ƙin jinin baƙi ya ɓarke a can a watan Mayu na 2008, aka kashe mutum fiye da 60. A wannan ƙasa, zargin da aka fi jifan 'yan Nijeriya da shi shi ne sayar da ƙwaya, mai laifi da marar laifi duk an yi musu kuɗin goro. A 2009 ma wani fim da aka shirya a can, District 9, ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin miyagu, har Ministar Watsa Labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi a gidajen silima na ƙasar nan. Duk wanda ya zauna kujerar jakada a Pretoria a waɗannan shekaru ya ga yadda laifin 'yan tsiraru yake zubar da mutuncin ƙasa baki ɗaya.

A watan Disamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba shi shugabancin kwamitin ba da shawara kan kawar da shaye-shaye, daga nan ya hau kujerar NDLEA a 2021, Shugaba Bola Tinubu kuma ya sabunta masa wa'adi a watan Nuwamba na 2025. Mutum ne da ya sa riguna biyu, kaki da babbar riga. Tambayar ita ce, wacce daga cikinsu Gobir ta fi bukata?

Yadda Dokar Ƙwaya ta Tashi Tana Kallon Waje

Dokokin ƙwaya na duniya a kan yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya suke tsaye, ta 1961 da ta 1971 da ta 1988, kuma kowace shekara a watan Maris wakilan ƙasashe sukan taru a Biyana, babban birnin Ostiriya, su yanke abin da za a sa wa takunkumi. Tun daga tushe, ke nan, maganar ƙwaya magana ce ta jakadu.

A Nijeriya, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 20 a 1984 wadda ta yanke hukuncin kisa ga masu fataucin hodar ibilis, aka kuma harbe samari uku a Ikko a watan Afrilu na 1985. Gwamnatin Janar Babangida ta mayar da hukuncin ɗauri, sa'an nan ta kafa NDLEA da Doka ta 48 a ƙarshen 1989, shekara guda bayan yarjejeniyar 1988. A 1994 Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta ce ba su ba da haɗin kai wajen yaƙi da ƙwaya, abin da ya jawo janye tallafi da zubewar daraja. Idan aka dubi wannan tarihi da idon basira za a ga abu guda: abin da ya fi tayar wa hukuma da hankali shi ne ɗan Nijeriyar da aka kama a filin jirgin saman Landan ko New York. An gina hukumar ne domin a wanke suna a waje, ma'aunin nasararta kuwa ya zama yawan hodar da aka tare kafin ta kai Turai da Amurka.

Ana cikin kallon waje, ashe gida ya kama wuta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, UNODC, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, watau mutum miliyan 14.3, sun sha wani kayan maye, ban da taba da giya, a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafin ciwo irin su taramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba. A Arewa maso Yamma an sami kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya daga cikin kowane mashaya huɗu kuwa mace ce. Kafin wannan, a watan Mayu na 2018, sai da wani binciken BBC ya fallasa cinikin maganin tari mai kodin sa'an nan gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi.

Gobir Biyu, Iyaka Ɗaya

Yanzu sai mu komo Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, yana cikin ƙasar Sabon Birni. Bayan faɗuwar birnin a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sai Tsibiri ya faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Tsage ɗaya ne a kumatu, karin harshe ɗaya, aure da kasuwa a haɗe, amma tuta biyu da doka biyu. Hanyoyin da babur ke bi ya tsallaka sun fi ƙarfin ƙirge, kuma babu shingen da zai iya rufe su.

Wannan yanki ya sha wuya a shekarun nan. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota a Gidan Bawa. A watan Yuli na 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. Ba zan ce ƙwaya ce ta haifi wannan bala'i ba, domin kuwa saiwoyinsa suna cikin satar shanu da rikicin gona da burtali da ramuwar gayya da rashin adalci. Amma ƙwaya ita ce man da ake zuba wa wutar. Ita ke busar da zuciyar yaro ɗan shekara goma sha bakwai har ya aikata abin da ba zai iya kallo ba in yana cikin hayyacinsa, kuma hanyar da ke kai wa daji ƙwaya ita ce ke kai masa man fetur da harsashi.

Akwai kuma mashayin da ba ya riƙe da bindiga, shi ne ma ya fi yawa: ɗan ƙwadagon da ke son ya yi noman yini biyu a yini ɗaya, da ɗan acaɓa, da mai dako, da saurayin da aka kora daga gonar ubansa yana zaune a gari ba aiki ba makaranta, da matar da ta ga abin da ya hana ta barci. Waɗannan ba nishaɗi ya kai su ba, gajiya da baƙin ciki ne. Wanda duk zai tsara maganin matsalar bai rarrabe tsakanin waɗannan biyu ba, to, zai yi jifa a duhu.

Hanyar da Ƙwaya Take Biyowa

Babu masana'antar taramol a Isa, babu a Sabon Birni. Wanda likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225 ko 250, kuma mafi yawansa daga Indiya ake yo shi domin kasuwar Afirka ta Yamma. Yakan sauka a tashoshin jiragen ruwa na Ikko ko Kwatano ko Lome ko Tema, ya hau mota ya nufo arewa. Wani ya tsaya a Nijeriya, wani ya shiga Nijar ya wuce Agadas zuwa Libiya, wani kuma ya komo mana ta baya, ta tsofaffin hanyoyin fasa-ƙwauri da atamfa da shinkafa da taba suka daɗe suna bi.

Abin lura a nan shi ne, taramol ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi. Masar ta nemi a sa shi, amma masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙi goyon baya, domin tsoron kada marasa lafiya a ƙasashe matalauta su rasa maganin ciwo mai araha. Hujjarsu tana da ƙarfi, gama mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata yana da haƙƙin a sauƙaƙa masa raɗaɗi. To, tun da babu dokar duniya, abin da ya rage shi ne ƙasa ta zauna da ƙasa su daidaita. Da Indiya ta sa taramol cikin dokarta ta kayan maye a watan Afrilu na 2018, sai 'yan kasuwa suka sauya dabara, suka koma haɗa wasu magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, a ƙwaya guda. A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya nuna wani kamfani a Mumbai yana yin wannan haɗi yana turowa Afirka ta Yamma, cikin 'yan kwanaki kuma hukumomin Indiya suka haramta shi. Abin da shingen hanya dubu bai iya yi ba, takarda guda daga hukumar ƙasar da ake yin ƙwayar ta yi shi. Wannan shi ne ƙarfin babbar riga.

Nijar ita ma tana fama. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a Yamai, a watan Janairu na 2022 kuma aka kama fiye da kilo 200 na hodar ibilis a motar magajin garin Fachi a arewacin ƙasar. UNODC ta ba da rahoton cewa hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin Yabo da Abin da ya Rage

Adalci ne a faɗi abin da aka yi. A zamanin Marwa hukumar ta farfaɗo. A watan Fabrairu na 2022 ta bayyana babban ɗan sandan nan Abba Kyari a matsayin wanda take nema bisa zargin hulɗa da masu fataucin hoda, ta kuma gurfanar da shi a kotu, abin da mutane da yawa ba su zaci za a iya ba. A watan Satumba na wannan shekara ta kama tan 1.8 na hodar ibilis a Ikorodu. Ta fuskar jakadanci kuma, ta ƙulla yarjejeniya da takwararta ta Indiya a 2023, da ta Saudiyya a 2025. A nan an ga amfanin tsohon jakada.

Amma a daidai waɗannan shekaru ne igiyar da ke tsakanin Abuja da Yamai ta yi rauni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta kira jakadunta gida, aka shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa madadinsu ba. A watan Janairu na 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Rufe iyaka, kamar yadda aka gani tun a rufewar 2019 zuwa 2020, mai gaskiya yake tsarewa, gama mai buhun gero shi ke bin babbar hanya, mai katan ɗin ƙwaya da ma can ta daji yake bi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma babu tsagewar da ta kai jami'an ƙasashe biyu su daina gaisawa a kan iyaka guda.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce, ɗan bindigar da ya ƙone mota da mutane ba da babbar riga ake tarar sa ba. Haka ne, kuma ban ce a ajiye kaki ba. Amma soja yana iya korar mutum daga daji, ba ya iya hana jirgin ruwa tashi daga Mumbai, ba ya kuma iya bin mai kaya in ya tsallaka ƙasar Gidan Runji. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, amma a bakin iyaka layin Nijar yana kamawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakar matakin da ƙasa guda za ta ɗauka ita kaɗai.

Wani kuma zai ce, yaya za a yi hulɗa da gwamnatin da ta zo da bindiga, wadda kuma take zargin Nijeriya da haɗa baki da maƙiyanta? Amsa ita ce, Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ta ga juyin mulki iri-iri a ƙasashen biyu ba ta rushe ba. An yi shekaru ana daidaita ranakun allurar shan inna a ɓangarorin iyaka biyu, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Sakkwato da Katsina da Zamfara sun je Maraɗi sun sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da gwamnan can. A watan Afrilu na 2025 ma Ministan Harkokin Waje, Yusuf Tuggar, ya je Yamai aka yi maganar farfaɗo da hukumar 1971. Ƙofar ba ta rufe ba, mai shiga da maganar ƙwaya ake jira.

Na uku zai ce, shugaban NDLEA ba ministan harkokin waje ba ne. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ɗora wa mutum guda laifin saɓanin ƙasashe. Sai dai a cikin masu riƙe da hukumomin tsaro, kaɗan ne suka san yadda ake zaman teburin jakadu kamar shi, wanda aka ba sani kuwa shi ake fara tambaya.

Ƙafa ta Biyu

Mun ce jakada ƙafa biyu gare shi. Saƙon hukuma ya iso ƙauye: kada a sha, kada a sayar, wanda aka kama ya kuka da kansa. Saura amsar ƙauye ta isa fada. Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwaya, wanda Kofi Annan ya kafa, Cif Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara a 2014 cewa a ɗauki mashayi a matsayin marar lafiya, a tanadi ƙarfin doka domin manyan dillalai. A Jihar Sakkwato, babban wurin da ake kai wanda ƙwaya ta taɓa wa hankali shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Uban da ke Gatawa ko ƙauyukan Isa sai ya nemi kuɗin mota da na magani, ya kuma bi hanyar da aka sace sarki a kanta. Da yawa sukan haƙura, su ɗaure yaron a ɗaki ko su kai shi gidan mari.

Marwa ya sha kiran a riƙa gwada masu neman aure da masu neman muƙami da ɗaliban jami'a. Niyyar mai kyau ce, amma gwajin da ba magani a bayansa tonon asiri ne kawai. In an gwada saurayi a Sabon Birni an same shi da ƙwaya a jini, ina za a kai shi? Wannan ita ce tambayar da ta kamata jakada ya ɗauka ya kai gaban masu rabon kasafin kuɗi.

Kammalawa

A taƙaice, abubuwa huɗu nake ganin sun wajaba. Na farko, a ware maganar ƙwaya daga saɓanin siyasa, a sa ta cikin ayyukan hukumar 1971, yadda jami'an NDLEA na Sakkwato da takwarorinsu na Maraɗi da Tawa za su riƙa zama a kai a kai suna musayar labari. Na biyu, a ci gaba da matsa wa ƙasashen da ake yin ƙwayar da waɗanda take sauka a tashoshinsu, ba tare da an hana asibiti maganin ciwo ba. Na uku, a sa sarakunan Gobir na ɓangarorin biyu cikin shawara, gama zumuncinsu ya girmi iyakar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na huɗu, a buɗe sashen kula da mashaya a manyan asibitocin Isa da Sabon Birni.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da rabo a wannan aiki. A watan Disamba na 2024 da Hausa Janar Abdurrahman Tchiani ya zargi Nijeriya, da Hausa kuma Malam Nuhu Ribaɗu ya mayar masa da martani. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshen da aka yi faɗa da shi ya isa a yi sulhu da shi, ya kuma isa a yi wa saurayi bayanin abin da miligiram 225 ke yi wa ƙwaƙwalwa, da karin da ya tashi yana ji a gidansu. Tsara irin wannan bayani, da tattara sunayen da 'yan kasuwa ke laƙaba wa ƙwayoyi, da nazarin yadda mashaya ke magana a kan halinsu, duk aikin wannan sashe ne, malamai da ɗalibai.

Marwa ya nuna ya iya sa kaki, tarihi kuma zai rubuta masa tan-tan na abin da aka kama. Amma mutumin Isa da na Sabon Birni da wani ma'auni za su auna shi: ko ƙwaya ta yi wuyar samu a kasuwarsu, ko kuma ɗansu da ya faɗa ya sami mai ɗaga shi. Wa'adin da aka ƙara masa dama ce ta ya ɗauko babbar rigar, ya fuskanci Yamai da Maraɗi. Allah ya kawo wa Gobir zaman lafiya, amin.